Yadda Na Tsaya Arfa Ni Kaɗai

Shekara talatin da takwas ina suyar waina a bakin hanyar Nkembo a Libreville kafin Allah Ya kira ni Makka. Ba ɗan siyasar da ya biya mini kujera, ba surukin da ya tallafa. Tanda ce ta kai ni, na tafi Kulu mai waina na dawo Hajiya Kulu. A riƙe wannan tukuna kafin in shiga maganar Abdulwadud.

Abdulwadud jikana ne, ɗan babbar 'yata. Shekararsa talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu, yana da tebur a kasuwar Mont-Bouët inda yake sayar da caja da marfin waya. A bakinsa kuwa injiniya ne. Ba makarantar da ta ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa, har ya rubuta a jikin lemarsa.

A kartiyenmu, wato unguwarmu, hoton Makka ba ado ba ne. Shekara biyu da suka wuce wani mutumin unguwar Awendjé ya yi sallama da jama'a, aka raka shi da addu'a, ashe Douala ya tsaya. Ya yi wata guda a gidan ƙaninsa, ya sayi dabino, ya sa haƙorin gwal, ya dawo ana ta Alhaji Alhaji, sai da wani direba ya tona shi. Tun daga nan duk wanda ya dawo, ranar walima wayarsa sai ta zagaya hannun mata, ana yaba hotuna da baki ana bincike da ido. Ni kuma ta Kano na tashi tare da alhazan can, ba ɗan Libreville ko ɗaya a jirginmu. Shaidata hotuna ɗari da goma sha biyu ne da wata 'yar Gwarzo ta ɗauke ni da wayata. Ban aika wa kowa ko ɗaya ba, don ban je ƙasa mai tsarki in ciyar da kamfanin waya ba.

Ranar Talata na sauka, aka sa walima Lahadi. Laraba da hantsi sai ga Wadudu da jakar kwamfuta a kafaɗa.

Ya ce, "Amarya, an dawo? Ina tsarabar maigida?"

Na ce, "Maigidan da ba ya cefane? Ga dabino can, ɗauki uku."

Ya kwashi bakwai, ya zauna, ya ce in ba shi wayar ya gani. Yana dubawa yana girgiza kai kamar likita. Ya ce wai wannan zagaya waya hannu-hannu aikin mutanen da ne. Shi zai haska hotunan a bango da majigi, kowa ya gan ni ƙatuwa, Kaltoumi ma ta gani daga inda take zaune ba sai ta sa tabarau ba.

Kaltoumi maƙwabciyata ce, mutuniyar Garoua, mai sayar da atamfa. Sau uku ta je Makka, kuma ba ta bari a manta. Ita ce ta fara tambayar mutumin Awendjé abin da ya kasa amsawa. Jin sunanta ne ya sa na saurari Wadudu, wannan kam laifina ne.

Na ce, "Nawa za a kashe?"

Ya ce, "Ko dala. Ni duk manhajar da nake aiki da ita kyauta ce, kuma cikinta a buɗe yake. Mutanen kirki ne a duniya suka haɗu suka ƙera. Duk wanda ya ga dama zai leƙa ya ga yadda aka yi ta, ya gyara, ya ƙara."

"Kowa?"

"Kowa."

"Har kai?"

"Ni ai ba a magana."

Ya buɗe kwamfutar ya shiga gabatar mini da su ɗaya-ɗaya kamar dangin amarya. Ni da ban yi boko ba, da hotunansu na riƙe su. Akwai wani tsuntsu mai tumbi a zaune, wai Linux, shi ne uban gidan duka. Akwai wani mai kama da kare da buroshi a baki, wai GIMP, mai gyaran hoto. Akwai jan mazugi irin wanda masu gyaran titi suke jerawa, wai VLC, ba abin da ba ya kunnawa. Akwai LibreOffice mai jera hotuna, da Audacity mai wanke murya. Kowanne ya ambata sai ya sumbaci yatsunsa.

Na ce, "Hotunana ba su da ciwo, ba sa son gyara."

Ya ce, "Ɗan haske kawai zan ƙara. Ke dai ki ji da miya."

Ya tafi da wayar. Ranar Juma'a ya dawo da ita, ya miƙo mini da hannu biyu kamar ya yi mata wankan jego. Na kunna, ban gane ta ba. Ni mutanena da fuskokinsu nake kiransu, in ga hoton mutum in danna. Babu fuska ko ɗaya. Babu hotunan Makka, babu karatun da nake saurara in na idar da sallar walaha.

Na ce, "Ina mutanena?"

Ya ce ya 'yanta wayar ne. Wai abubuwan da ke cikinta a da duk 'yan leƙen asiri ne, suna sauraron duk abin da nake faɗa, shi ya share su kaf ya zuba masu amana.

Na ce, "Me za su ji a wurina? Tsadar shinkafa? Su ji mana, ko sa rage."

"Hajiya Kaka, ba ki san duniyar nan ba."

"Ina hotunan?"

"Suna kwamfuta, lafiyarsu ƙalau, har sun yi ƙiba."

A ranar sai da na hau taksi har wurin Aliou mahauci don in tuna masa naman Lahadi, abin da da kira ɗaya ya isa. Ina dawowa, ƙarfe biyar da 'yan mintuna, rana tana sama, wayar ta kwarara kiran sallar magariba daga cikin jakata. Wata 'yar Gabon da ke kusa da ni ta dubi sama ta dube ni. Ashe lokacin Makka ya saka mata, wai don albarka.

Lahadi bayan la'asar aka cika. An kafa rumfa a tsakar gida, maza a dama, mata a hagu. Malam Usaid limamin masallacinmu ya zo, shi ne ma ya ba da aron majigin Islamiyya. Chamsou mai gyaran waya a bakin kasuwa ya zo. Kaltoumi ta zo da wuri ta kama kujerar gaba, ta ɗora jaka a cinya.

Abin da na fara gani shi ne farin zanin gadona, sabo fil, wanda na sayo a Madina, an buga shi a bango da ƙusa shida. Na haɗiye, don akwai baƙi.

Wadudu ya sha babbar riga ya tsaya gaban jama'a. Ya ce yau za su ga abin da ko a otal ɗin bakin teku ba a yi, kuma duk da kayan kyauta. Ya ce duk mai son a 'yanta masa waya ya same shi bayan taro. Sannan ya kunna majigi.

Ba abin da ya fito. Zanin yana nan fari kamar yadda na sayo shi.

Kaltoumi ta ce, "Wannan hazon Muzdalifa ne?"

Wadudu ya ce haske ne ya yi yawa, ba laifin na'ura ba ne. Aka aro tamfol huɗu daga masu kifi aka rufe rumfar ta kowane gefe. Hoto ya fara alamar fitowa, iska ta daina shigowa. Tamfol ɗin kuwa ƙarnin kifi yake, ga hayaƙin tanda yana shigowa ta ƙasa ba hanyar fita. Mata suka hau fifita da murfin kwano. Aliou ya shigo da farantin nama a cikin duhu, ƙafarsa ta harɗe da wayar wutar da Wadudu ya shimfiɗa a hanya, majigi ya mutu, rabin naman ya tafi ƙarƙashin kujerun maza. Aka kunna fitilun waya ana tsince.

Aliou ya ce, "Injiniya, wannan igiyar ma kyauta ce?"

Da aka sake haɗawa, Wadudu ya ce za a fara da jawabin godiya daga bakin Hajiya. Ranar Laraba ya ɗauki muryata ina gode wa jama'a, ya ce zai wanke ta. Ya danna jan mazugin nan. Sai wata murya ta fito, ƙatuwa, mai kauri, irin ta mai sanarwa a tashar mota, tana cewa, "Ina gode wa Allah da Ya nuna mini wannan rana."

Malam Usaid ya gyara zama ya ce, "Wane malami ne wannan?"

Wadudu ya ce, "Hajiya ce. Muryar ta yi siriri, na ɗan ba ta nauyi."

Maza suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ce a wuce wurin, a nuna hoto.

Hoton farko ya fito, filin jirgin Jidda. Ga jakata mai ruwan ɗorawa, ga hijabina. Amma matar da ke cikin hijabin fara ce sol, fuskarta sumul kamar ƙwai, ba ta wuce shekara talatin ba. Ni ina da bille a kumatun hagu da 'yan baka uku-uku, zanen gidanmu, wanda duk ɗan Kano na da in ya gani ya san ƙofar da na fito. Babu ko ɗaya.

Kaltoumi ta sa tabarau ta ce, "Masha Allah. 'Yar wa ce wannan?"

Na ce, "Wadudu, ina zanena?"

Ya ce, "Wai layukan nan? Na zaci gilashin wayar ne ya tsage. Kwana guda na yi ina goge su, hoto ɗari da sha biyu fa."

Hoto na biyu a kasuwar Makka ne, ranar da na sa haƙorina. Na buɗe baki da gangan a hoton don a gani. Haƙoran matar nan farare tas a jere, ba gwal ba alamarsa.

Ya ce, "Ɗaya ya yi rawaya, na ce kar a ce ba kya asuwaki."

Wata daga baya ta ce, "To a ina aka sa na bakinta?" Wata ta ce mata ta yi shiru, amma na ji, kowa ma ya ji.

Na uku shi ne Arfa. Wanda ya je ya sani, ranar nan ko allura ka jefa a kan mutum za ta sauka. A hoton Wadudu kuwa fili ne fetal, ga dutse can, ga matar nan a tsaye ita kaɗai ta ɗaga hannu. A gefenta wata lema tana tsaye a iska ba mai riƙe da ita. A ƙasa ƙafafu biyu cikin silifa, daga idon sawu zuwa sama babu kowa.

Kaltoumi ta ce, "Hajiya, bana ke kaɗai kika yi Arfa? Mu a namu shekarun da jama'a muka yi."

Wadudu ya yi caraf ya ce, "Sun tare ta ne, na kwashe su. Kun san aikin da ke cikin cire mutum dubu? Wannan GIMP ɗin, in ka iya shi, ba abin da ba za ka yi ba."

Chamsou ya ce, "Mun gani."

Na ce a kashe. Wadudu ya rikice, maimakon ya kashe sai ya danna gaba. Tantunan Mina suka fito. Ga matar nan, ga kuma wani ƙato a gefenta ya dafa kafaɗarta, da baƙin tabarau da rigar ƙwallo, yana dariya. Wadudu ne. A tsakanin hannunsa da haƙarƙarinsa ana hango ruwan teku da rabin kwale-kwale, don a Port Môle, bakin tekun garin nan, aka ɗauki nasa hoton.

Kowa ya juyo ya dubi Wadudu.

Ya ce, "Wannan gwaji ne, na manta ban cire ba."

Aliou ya ce, "Alhaji Wadudu, ashe tare aka je. Mu da muke ganinka kullum a Mont-Bouët, ashe inuwarka ce."

Dariya ta ɓarke a ɓangaren maza. A ɓangaren mata ba a yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Kallon juna suke. Kaltoumi ta cire tabarau ta ninke, ta ce a hankali, "To, in Wadudu ya je Mina a hoto, wa ba zai je ba?"

Na miƙe. Na ce, "Fito da na asali. Yanzu."

Ya danna nan ya danna can, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce suna nan, kwamfutar ce take nauyi. Chamsou ya taso ya ture shi gefe, ya zauna ya yi ta dubawa. Can ya ɗago.

Ya ce, "Hajiya, ni ma da waɗannan manhajojin nake aiki kullum, lafiyarsu ƙalau. Ba sa taɓa hoton asali sai mutum ya ce su taɓa. Shi kowane hoto ya gama, sai ya zaɓi a danne na asalin da sabon. Sau ɗari da sha biyu."

"Na cikin wayar fa?"

"Ya share ta tun daga tushe."

Wadudu ya ce, "Don kar su cika wuri ne. Ai gyararren ya fi."

Chamsou ya ce, "Kai ko marfin waya sai ka juya shi sau biyu kafin ya shiga."

Na dubi zanin Madina da ƙusoshi a jikinsa, na dubi matar nan da ba ni ba. Kwana talatin da biyar na tafiyata, ba sauran ko ɗaya da fuskata a ciki. Wani ya ce a ɗauko fasfo. Na ce ni ba a shingen 'yan sanda nake ba, a gidana nake, ba zan nuna wa maƙwabtana takarda ba. Na sa aka yaye tamfol ɗin, haske ya shigo, na ja kujera na zauna gaban Kaltoumi, gwiwa da gwiwa.

Na ce, "Sau uku kika je. Tambaye ni."

Ba ta yi kawaici ba, ita ma ba ta iya shi ba. Ta tambayi tantinmu a Mina, na faɗa mata, har da layin banɗaki. Ta tambayi ƙofar da muke shiga Harami, na faɗa. Ta tambayi inda 'yan Takari suke sayar da tuwo, na faɗa mata, na ƙara da cewa miyarsu ba daddawa.

Ta ce, "Duk wannan mutumin Awendjé ya faɗa mana. Ya ma fi ki tsarawa."

Shekara talatin da takwas a gaban wuta, yau ana auna ni da mutumin da ya kwana Douala. Na sunkuya na cire takalmin dama, na zare safa, na ɗora ƙafar a kan kujerar da ke tsakaninmu. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, farcen ya fita gaba ɗaya, ga sawu a kwance a bayan ƙafar inda fata ta saɓule.

Kaltoumi ta mayar da tabarau ta sunkuyo.

Ta ce, "A ina?"

"Tsakanin Safa da Marwa, zagaye na biyar. Masu tura tsofaffi a keke."

"Ta gaba ya zo ko ta baya?"

"Ta baya, a guje."

"Me ya ce miki?"

"Ya ce, 'Ɗariƙ ya Hajja, ɗariƙ,' wai in ba shi hanya."

"Kafin ya taka ko bayan ya taka?"

Na ce, "Yana kan ƙafar."

Sai kafaɗun Kaltoumi suka fara motsi, ta tuntsire da dariya har da hawaye. Ta sunkuya ta cire nata takalmin na hagu ta ɗora ƙafarta kusa da tawa. Farcen babban yatsanta a murɗe yake, ya tsiro a karkace kamar ƙahon rago.

Ta ce, "Nawa shekara tara ke nan. Sai sun hau suke faɗa. Wannan ba a samun sa a Douala." Ta juya wurin mata ta ce, "Ta je. A ba ni zamzam ɗina."

Malam Usaid ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa. Aka fara rabon waina da abin da ya tsira na naman. Mata suka yi layi suna leƙa ƙafar suna yi mini barka, wasu har da cewa su dama ba su yi shakka ba. Na bar su, na san masu kallon juna.

Ana cikin haka sai ga Wadudu ya kutso, ya share gumi, muryarsa ta dawo. Ya ce ai shi dama ya san gaskiya za ta fito, kuma in aka duba da kyau, shirinsa ne ya jawo aka kai ga wannan babbar shaida. Ya zaro wayarsa ya durƙusa gaban kujerar.

Ya ce, "Amarya, kar ki motsa. Bari in ɗauki yatsan nan mu adana, ina da wata manhaja mai kyau."

Kaltoumi ta wawuri safata ta jefa mini a cinya.

Ta ce, "Rufe ƙafarki, Hajiya, kafin ya mayar miki da farcen."